Asibitin Unguwarmu, Na Wane Ne?

A wannan watan ina so mu ɗan ajiye zancen girki da tarbiyya a gefe, mu taɓa wata magana wadda a ido za a ce ta maza ce, ta 'yan majalisa da ciyamomi, alhali kuwa idan aka bi ta a hankali za a ga babu wanda ta fi shafa kamar mu. Maganar ita ce dokokin da jihohinmu ke yi a kan kiwon lafiya, da yadda suka sauya matsayin ƙaramar hukuma a kan ɗan asibitin nan na unguwa ko na ƙauye, inda muke zuwa awo, muke kai yara rigakafi, kuma muke fatan samun ungozoma ran da naƙuda ta tashi.

Wannan ɗan asibiti kowacenmu ta san shi. Ta san bencin da ake zama layin awo, ta san ranar rigakafi, ta san malamar da ke duba ciki da wadda ke ba da kati. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, asibitin na wane ne? Na sha jefa wannan tambaya ga ɗalibaina na ajin matan aure a Islamiyya, kuma amsar ba ta taɓa zama ɗaya ba. Wata ta ce na ciyaman ne, wata ta ce na gwamna ne, wata ta ce ai na Abuja ne, wata kuwa ta ce na masu raba gidan sauro ne tunda tambarinsu ne a jikin bango. Sai mu yi dariya, to amma abin ba na dariya ba ne, domin wanda bai san mai gida ba, ba zai san ƙofar da zai yi sallama ba ran da bukata ta taso.

Asali dai ƙaramin asibiti na ƙaramar hukuma ne. Tun zamanin En'e, hukumar gargajiya ce ke riƙe da asibitocin sha-ka-tafi, kuma da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 sai suka gaji wannan aiki. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma Ata suka amince cewa hanyar da ta fi dacewa ita ce a kai magani da rigakafi kusa da jama'a, wato abin da ake kira lafiya a matakin farko. A nan Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya tsaya tsayin daka a kan wannan tsari. Aiki ya kasu gida uku: gwamnatin tarayya ta riƙe asibitocin koyarwa, jiha ta riƙe manyan asibitoci, ƙaramar hukuma kuma ta riƙe ƙananan. Kundin tsarin mulki na 1999 ma ya lissafa kiwon lafiya cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki. Hikimar a fili take, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ciyaman ɗan gari ne, kansila maƙwabci ne, ana haɗuwa da su a wurin suna da jana'iza, don haka ana iya gaya musu magana ido da ido.

To me ya sa abin bai tafi yadda aka so ba? Dalili na farko kuɗi ne. Kason ƙaramar hukuma daga asusun tarayya ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kuma kafin ya iso sakatariya an yi ta yankarsa, abin da ya rage bai cika wuce albashi ba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Su ma ƙananan hukumomin sun yi nasu, domin an ɗauki mutane aikin asibiti saboda siyasa, an cunkushe ma'aikata a cikin gari inda akwai wuta da kasuwa, an bar ƙauye da ma'aikaci ɗaya tilo. Uwa uba, ma'aikacin lafiya ɗaya sai ka same shi da iyayengiji uku ko huɗu: wata hukuma ce ta ɗauke shi aiki, wata ke biyansa albashi, wata ke duba aikinsa, wata kuma ke kawo masa allurar rigakafi. Idan ya yi fashin aiki, babu wanda zai ce shi ne mai tsawata masa.

Misali ɗaya ya ishe mu. A 2009 gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin tura ungozomomi karkara. An tsara cewa tarayya za ta ba kowace ungozoma Naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ƙara 10,000 kuma ta ba ta masauki. Shiri mai kyau, kuma mata da yawa sun amfana a farkonsa. Sai dai a wurare da dama jiha da ƙaramar hukuma ba su cika nasu alkawarin ba, ungozomomi suka yi ta tattara kayansu suna komawa gida. Wadda ta ji jiki kuwa ita ce mai cikin da ta fara sabawa da zuwa asibiti, ta zo ta tarar da ƙofa a garƙame.

Ganin haka ne ya sa jihohi suka fara yin dokokin da za su tattara ragamar a hannu ɗaya. Jigawa na cikin waɗanda suka riga, domin a 2007 ta kafa tsarin Gunduma, inda aka haɗa ƙananan asibitoci da manya na ƙananan hukumominta 27 a ƙarƙashin gundumomin lafiya 9. A 2011 majalisar ƙoli ta harkokin lafiya ta ƙasa ta amince da manufar tattara lafiya a matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya, wato kowace jiha ta yi doka ta kafa hukuma guda da za ta riƙe ma'aikata da kuɗi da kayan aiki. Kano ta kafa tata hukumar a 2012. Sai kuma dokar lafiya ta ƙasa wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko. Rabin kuɗin na biya wa talaka kuɗin magani ne ta hanyar inshora, kashi 20 na magunguna da allurai, kashi 15 na gyaran gini da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Kuɗin ta hannun hukumar jiha suke bi, kuma an shar'anta wa jiha da ƙaramar hukuma su ma su kawo nasu kason. An fara sa su a kasafin kuɗi a 2018, da niyyar kowace mazaɓa ta samu aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai. A Kano kaɗai mazaɓu 484 ke nan a ƙananan hukumomi 44.

Bugu da ƙari, jihohi sun yi dokokin taimakekeniyar lafiya, wato a riƙa tara kuɗi kaɗan-kaɗan kamar adashe, duk wanda ciwo ya same shi a yi masa magani daga ciki. Kano ta yi tata dokar a 2016, sannan a 2017 ta ƙara da dokar asusun tallafa wa harkokin lafiya, wanda aka tsara za a riƙa zuba masa kashi 5 cikin 100 na harajin da jiha ke tarawa da kashi 1 cikin 100 na kason ƙananan hukumomi. A 2022 kuma dokar tarayya ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, tare da tanadin asusu domin marasa ƙarfi.

Gaskiya ɗaya ce, waɗannan dokoki sun kawo alheri, kuma rashin adalci ne a ce ba a gani ba. Ni ganau ce. Asibitin da muke zuwa a da babu ko ma'aunin hawan jini mai aiki, yau akwai shi, akwai firjin allurai mai amfani da hasken rana, kuma mai kula da asibitin ba sai ya je ya yi ta zaman jiran sa hannun ciyaman kafin ya sayi safar hannu da auduga ba. Ma'aikaci ya san wanda zai tuhume shi. Kuma ƙaramar hukumar da ba ta da ƙarfi tana iya samun ma'aikata daga rabon jiha, abin da da can sai dai ta gani a maƙwabta.

Sai dai kuma akwai ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Dokar da ta karɓe ragama daga hannun ƙaramar hukuma ba ta ɗauke mata biya ba. A jihohi da yawa daga kasonta ake cire albashin ma'aikatan, amma ba ita ke ɗaukarsu ba, ba ita ke tura su ba, ba ita ke canza musu wuri ba. Shi ya sa za ki ji ciyamomi na kukan cewa abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, tunda su jama'a ke gani su zaga, umarni kuwa yana babban birnin jiha. Wani ciyaman kukan gaskiya yake yi. Wani kuwa mafaka ya samu, da an tambaye shi sai ya ɗaga hannu ya ce ai doka ta raba shi da asibiti. Ko ta wace fuska aka duba, ƙofar da uwa za ta buga ta yi nisa. Da can tafiyar ƙafa ce ko kuɗin babur, yanzu kuwa tafiyar mota ce zuwa ofishin da babu wanda ya san ta a ciki.

Bari in ba ku labarin wata ɗalibata, yarinya ce da ba ta wuce shekara 22 ba, da cikinta na biyu. Ba ta taɓa fashin awo ba, har takan nemi izini a aji ta ce, "Malama, gobe ranar awo ce, ba zan samu zuwa ba." Naƙuda ta kama ta bayan sallar isha'i. Aka kai ta asibitin mazaɓa aka tarar da shi a rufe, domin ma'aikaciya mace ɗaya ce, da la'asar take tashi, kuma a cikin gari take kwana saboda iska ta yaye rufin ɗakin da aka gina domin ma'aikata. Kafin a samo mota dare ya raba. Da aka isa babban asibiti jini ya riga ya ɓalle. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba, aka yi mata ƙarin jini ta farfaɗo, amma yaron bai zo da rai ba. Mun yi imani da ƙaddara, mun kuma yi mata ta'aziyya da haƙuri, to amma imani da ƙaddara ba ya hana a tambayi wanda aka damƙa wa amana yadda ya riƙe ta.

Bayan sadakar bakwai, shugaban makarantarmu da mai unguwa da wasu daga cikin mazajenmu suka tafi sakatariya, roƙonsu ɗaya, a samar da wadda za ta riƙa kwana a asibiti. Aka karɓe su da mutunci, aka ce musu ma'aikata yanzu ba a hannun ƙaramar hukuma suke ba, su tafi jiha. Suka haɗa kuɗin mota suka tafi. A can ma aka karɓe su da mutunci, aka ce tura ma'aikaciya ba shi ne wuya ba, amma wace mace ce za ta kwana inda babu rufi, babu ruwa, babu maigadi? Wannan kuma, in ji su, a koma gida a nema. Suka dawo jiki a sanyaye. Kowane ofis ya faɗi gaskiya, sai dai rabinta ya faɗa, ɗaya rabin kuma yana aljihun ɗan uwansa.

Abin da ya fitar da mu wani abu ne da yake kusa da mu ba mu waiwaye shi ba, wato kwamitin ci gaban mazaɓa. Tsarin lafiya a matakin farko ya tanadi wannan kwamiti a kowace mazaɓa, na mutanen gari ne, kuma an ce a sa mata a ciki. A asibitocin da ke samun kuɗin nan na kashi 1 cikin 100, shugaban kwamitin yana cikin masu sa hannu kafin a fitar da kuɗi daga asusun asibitin. Namu kwamitin sunansa kawai ke takarda, ba ya zama, kuma babu mace ko ɗaya a ciki. Mai unguwa ya kai maganar gaban dagaci, aka farfaɗo da shi, aka sa mata biyu daga Islamiyyarmu da yardar mazajensu. Kwamitin ne ya rubuta takarda guda, ya lissafa abin da ke kan jiha da abin da ke kan ƙaramar hukuma da abin da gari zai iya yi da kansa, ya aika wa kowa kwafi. Ƙaramar hukuma ta ba da kwanon rufi, masu hali suka biya kafinta, matasa suka ɗauki gadi. An ɗauki watanni ana bibiya kafin a turo ma'aikaciya ta biyu. Ba zan ce komai ya gyaru ba, har yanzu akwai ranar da za a rubuta miki magani a ce ki saya a waje, amma dai yanzu idan aka buga ƙofa da dare akwai mai amsawa.

Wannan ya koya mini cewa doka a takarda take, aikinta kuwa a mazaɓa ake yinsa. Tun farkon shekarun 2000 wasu jihohin Arewa, ciki har da Kano, suka yi shelar awo da haihuwa kyauta. Kalmar kyauta tana da daɗin ji, amma kowane ƙwayar magani da ledar ruwa akwai wanda ya biya. Idan doka ta ce kyauta, ba ta fayyace wanda zai zuba kuɗin da lokacin zubawa ba, to ma'aikaciyar da ke gabanki ce za ta sha baƙar magana a kan abin da ba laifinta ba. Haka ma dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a Kano a 2024, wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, da ya haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da jinsin jini saboda sikila. Doka ce mai kyau, duk uwar da ta taɓa jinyar ɗa mai sikila za ta yi na'am da ita. Amma sauƙinta ga mutumin ƙauye ya dogara ne a kan ko asibitin da ke kusa da shi yana da kayan gwaji da wanda ya iya amfani da su.

Sannan ga wani sabon babi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kada jihohi su riƙe musu. Bayan hukuncin an yi ta kai ruwa rana a kan yadda za a aiwatar da shi. Tambayar da ta shafe mu ita ce, idan kuɗi na hannun ciyaman, ma'aikata kuma dokar jiha ta sa su a hannun hukumar jiha, wa zai biya, wa zai ba da umarni? Ni dai a nawa ganin, komawa gidan jiya ba mafita ba ce, domin mun ga yadda aka yi wa asibitocin riƙon sakainar kashi. Amma kuma bai dace a mayar da ƙaramar hukuma 'yar kallo a kan lafiyar mutanenta ba. Abin da ya kamata 'yan majalisunmu su yi shi ne su rubuta a cikin doka, dalla-dalla, abin da ke kan kowa, a kuma manna shi da Hausa a bangon kowane asibiti. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk wanda kuɗin lafiyarmu ya bi ta hannunsa, to a san aikin da ya ɗauka.

Kada ki ce, uwargida, wannan ya fi ƙarfinki. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa a duk haihuwa 100,000 mata 512 ke rasa rayukansu, kuma yawancin abin da ke kashe su, irin su zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda, abubuwa ne da ake iya tararsu idan an samu ƙwararriya a kan lokaci. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta tsare, tare da addini da hankali da nasaba da dukiya, kuma duk wanda aka ba jagoranci za a tambaye shi a kan waɗanda ya jagoranta. Don haka neman a gyara asibiti ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne, taimakon shugaba ne a kan nauyin da zai tsaya da shi gaban Ubangijinsa.

Abin da nake roƙonki kaɗan ne. Idan kin je awo ko rigakafi, ki tambayi malamar cikin ladabi ko asibitin na cikin masu samun kuɗin tallafin nan, da yadda ake rajistar masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da marasa ƙarfi, domin matambayi ba ya ɓata. Ki roƙi maigida ya binciko wane ne shugaban kwamitin mazaɓarku, yaushe suke zama, kuma mata nawa ne a ciki. Idan matsalar ƙarancin ma'aikata ce ko magani, a rubuta wa hukumar lafiya ta jiha, a bi ta hannun jami'in lafiya na ƙaramar hukuma. Idan ta ruwa ce ko hanya ko masauki ko gadi, kada a bar kansila da ciyaman su zame. Idan kuwa dokar ce da kanta ke da giɓi, ɗan majalisar jiha mai wakiltarku shi ne mai gyara ta, kuma mu ne muka fi kowa tsayawa layi ranar zaɓensa. A tafi a ƙungiyance, a tafi da takarda, a kuma ajiye kwafi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malaman Islamiyya 'yan uwana, mu ma mu ware minti goma a ƙarshen darasi mu riƙa tattauna irin wannan da ɗalibanmu.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya a kan tafarkin Musulunci, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka rasu wajen haihuwa, Ya kuma ba shugabanninmu ikon riƙe amanar da suka ɗauka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.